Manuwar Kofur

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Amma akwai abin da ba shi da hanyar zuwa inda mutane su ke, su kuma ba su da hanyar zuwa inda ya ke. Irin wannan abu sai dai a ji shi a bakin wanda ya gano. In an yarda da mutumin a gaskata, in ba a yarda ba a yi murmushi a wuce. Labarin nan na wani mutum ne wanda aka daɗe ana yi wa murmushi, har ran da ya ga ba ya iya jurewa, ya ɗauki zarto da almakashi ya ce sai ya kawo wa mutanen garinsu abin da idonsa ya gano.

Mutumin nan tsohon soja ne, yana zaune a wani gari wanda tsakaninsa da teku ya fi mil 500. Ba mai kiran sunansa na yanka, kowa Kofur ya ke ce masa, gama da igiya biyu ya komo daga yaƙin Bama a 1946. Sana'arsa ƙirar gwangwani. Yana da 'yar rumfa a bakin kasuwa inda ya ke yin fitila aci-bal-bal da mazurari, yana kuma liƙe butoci da bokitai da dalma. Da dare in an yi sallar lisha, sai a taru a ƙofar gidansa ana hira, shi kuwa yana ba da labarin ƙasashen da ya taka.

Cikin labarun nan duka ba wanda ya fi so kamar na manuwa, watau jirgin ruwa na yaƙi. A 1944 jirgin da ya ɗauko su ya tsaya a wata tasha a Tekun Indiya. Da gari ya waye suka ga wani jirgi mai launin toka tsaye kusa da nasu, bakunan igwa sun leƙo gaba da baya. Wani ma'aikacin jirgi ya nuna musu shi da hannu, ya ce ai sunan ƙasarsu aka sa masa, Nijeriya. Kofur ya yini yana kallonsa, ko abinci sai da aka tuna masa.

To, labari kamar ɗan rago ya ke, in ana ba shi dusa kullum sai ya yi ƙiba. Shekarar da Kofur ya komo, tsawon manuwa daga masallacin Juma'a ne zuwa kasuwa. Bayan shekara goma ta kama daga ƙofar gabas har ƙofar yamma, igwa kuwa ta kai arba'in. Ba da niyyar ƙarya ya ke yi ba. Girman abin ne ya cika masa zuciya, ya rasa ma'aunin da zai auna wa mutane shi, sai ya riƙa ƙarawa don su ji abin da ya ji.

Yana da taubashi wanzami, mai kaifin baki fiye da askarsa. Ran nan ana cikin hira sai wanzami ya ce, "Taubashi, bana manuwar nan ta kai ina? Na ji bara ta fasa ƙofar yamma ta shiga gonar Liman." Aka bushe da dariya, Kofur ma ya yi, gama wasan taubasai ba a fushi da shi. Amma maganar ta bi gari. Ba a daɗe ba sai yara suka ɗauka, in wani ya faɗi abin da ba su yarda da shi ba sai su ce, "Wannan ai manuwar Kofur ce." Ɗan ƙanensa maraya, wanda ya ke riƙo, ya komo gida ran nan da fasasshen leɓe saboda wannan magana. Abin da ya fi wannan zafi ya zo a bazarar 1957. Maƙwabcinsa ya sayar da gona, aka nemi dattawa uku su yi shaida. Kofur na zaune a wurin, da furfurarsa, aka tsallake shi aka aika kiran wani daga wata unguwa. Ba wanda ya ce masa kome, shi ma bai ce kome ba. Amma daren nan bai runtsa ba.

Kashegari ya tafi wurin wani malamin makarantar Midil wanda ya kan kawo masa gyaran fitila. Ya ce, "Malam, so na ke in ƙera manuwar nan, ƙarama, yadda ta ke sak, in ajiye a gaban mutane. Ko akwai takardar da ke da siffarta?" Malamin ya ce, "Akwai, Baba Kofur, amma sai an yi haƙuri." Bayan wata biyu ya aro wani tsohon littafi mai suna Jane's Fighting Ships, wanda tun 1898 aka fara buga irinsa a Ingila, ana jera jiragen yaƙi na duniya da hotunansu da awonsu. Ya buɗe, ga manuwa Nijeriya, da hotonta, da zane biyu na irin ƙirarta, ɗaya daga gefe, ɗaya daga sama.

Malamin ya karanta, ya ƙara da abin da ya bincika. An ƙera jirgin a kusa da birnin Niyukasil a arewacin Ingila. An sa shi a ruwa ran 18 ga Yuli, 1939, ya fara aiki a watan Satumba na 1940. Yana cikin wani jerin jirage masu ƙira ɗaya da aka sa wa sunayen ƙasashen da Ingila ke mulki a zamanin, kamar Kenya da Gambiya da Fiji. Nauyinsa ya fi tan 8,000. Manyan igwa 12 gare shi, a ɗakuna huɗu masu juyawa, uku uku, biyu a gaba biyu a baya. Faɗinsa ƙafa 62, tsawonsa ƙafa 555 da rabi.

Kofur ya ce, "Sake karanta tsawon, Malam." Malamin ya sake. Kofur ya yi lissafi a ransa, ya ga yadi 185 ke nan, ko kwatan tazarar ƙofar gabas da ta yamma bai kai ba. Ya yi shiru har malamin ya zaci ba shi da lafiya. Ashe ya zo neman shaidar da za ta wanke shi, ga shaidar ta fara da kama shi. Can ya nisa ya ce, "To, abin da takarda ta ce shi za mu bi."

Malamin ya ƙara masa da wani labari. A watan Agusta na 1942 manuwar nan tana cikin masu rakiyar jiragen kaya 14 da aka aika da abinci da mai zuwa tsibirin Malta a Bahar Rum, waɗanda biyar kaɗai suka isa. Ran 12 ga watan wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya, mai suna Axum, ya harbe ta da nakiya, mutum 52 suka mutu a cikinta. Da ƙyar ta koma Jibiralta, daga can aka kai ta Amurka aka gyara, sa'an nan aka tura ta gabas a 1944, inda Kofur ya gan ta. Da ya ji haka ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Allah Sarki! Gidan da mutum hamsin da biyu suka mutu a ciki, ni kuwa na mai da shi abin zuba a dandali."

Aikin farko shi ne ma'auni, gama shi ne uwar wannan sana'a. Wanda zai ƙera ƙaramin abu mai kama da babba, tilas ya rage kome da kome da rabo ɗaya. In ya rage tsawo ya manta da faɗi, ko ya rage jiki ya bar igwa da girmanta, abin wasan yara ya yi. Suka shirya a kan inci ɗaya ya tsaya a madadin ƙafa takwas, watau an rage kome sau 96. Bisa wannan lissafi tsawon jirgin ya zama inci 69 da ɗan ɗoriya, kusan tsayin Kofur kansa. Faɗi ya zama inci bakwai da kwata uku. Mutum mai ƙafa shida in an tsai da shi a kai, bai kai inci ɗaya ba, kwata uku ne. Yaron ya ja layuka a kan zanen littafin da fensir marar kaifi, gida gida kamar dara, sa'an nan suka ja manyan gidaje a kan takardar buhun siminti, suka kwashe zanen gida bayan gida har ya kai girman da su ke so.

Wannan dabara tsohuwa ce a ƙasashen bakin teku. Tun ƙarni na 17 maƙeran jirage na Ingila su kan yi ƙananan siffofin manuwa da katako, yawanci kwatan inci a madadin ƙafa ɗaya, da yawa kuwa suna nan a gidan ajiyar kayan tarihi na Girinic a London. Haka kuma a yaƙe-yaƙen Ingila da Faransa, tsakanin 1793 da 1815, fursunonin Faransa da ke tsare a Ingila sun riƙa sassaƙa jiragen yaƙi da ƙasusuwan naman da a ke ba su, suna yin igiyoyin da zare ko gashi, suna sayarwa su sami na kashewa. Da malamin ya gaya wa Kofur haka sai ya yi dariya ya ce, "In ɗan kurkuku ya yi da ƙashi, mai rumfa a kasuwa ba shi da hanzari."

Ya fara da gangar jiki. Ya sayi katako biyar masu kaurin inci ɗaya, ya yanke kowane bisa siffar jirgin, na ƙasa ya fi ƙanƙanta, na sama ya fi faɗi. Ya rarake tsakiyarsu don kada nauyi ya yi yawa, ya shafa gam irin na kafintoci, ya jera su ɗaya bisa ɗaya, ya danne da dutsen niƙa kwana uku. Sa'an nan ya shiga sassaƙa da ɗan gizago da wuƙa, yana bi da magagari, yana kankarewa da fasasshiyar kwalba. Goshin jirgi siriri ne kamar bakin gatari don ya tsaga ruwa, bayansa kuwa a yanke ya ke kamar an sare da wuƙa, gama haka ƙirar waɗannan jirage ta ke. Don kada dama ta fi hagu ƙiba, ya yanka kwali ya yi ma'aunai, in ya gwada a wannan gefe sai ya juya ya gwada a wancan.

A nan ya yi kuskurensa na fari. Da damina ya yi aikin, katakon kuwa ɗanye ne. Hunturu na shigowa itace ya fara bushewa yana janyewa. Wani dare cikin Janairu na 1958 aka ji ƙara a zaure kamar an harba bindiga. Da aka kawo fitila sai ga jirgi ya tsage daga goshi har tsakiya, ana iya sa yatsa a ciki. Aikin wata huɗu ya tafi. Yaron ya fashe da kuka. Kofur ya ce, "Yi shiru, ɗana, laifina ne, na san itace amma gaggawa ta rufe mini ido." Ya nemi tsohon ƙyauren maɗaci daga wani kango, wanda ya sha hunturu fiye da talatin, ya saya sule takwas, ya sake daga farko.

Da gangar jiki ta biyu ta kammala, ya zuba mata dalma a ciki, suka kai ta kududdufi da asuba don su ga ko za ta zauna daidai. Ta zauna, ba ta karkata ba. Daga nan aka shiga ƙananan abubuwa, inda haƙurin mutum ya ke bayyana. Ba kantin da zai je ya sayi ko ɗaya daga cikinsu. Kowane sai ya dubi hoto, ya raba awonsa, sa'an nan ya tambayi kansa, cikin tarkacen duniya mene ne ya yi kama da wannan?

Daɓen jirgi ya yi shi da sassauƙan katakon akwatin shayi, yaron ya ja masa layuka da fensir don su nuna allunan da aka shimfiɗa. Ɗakunan da ke bisa, hawa kan hawa, da gwangwanin kananzir ya yi su, ya yanke, ya lanƙwasa, ya liƙe da dalma, wannan kuwa sana'arsa ce tun fil azal. Bututun hayaƙi biyu ya naɗe su da gwangwanin madara a jikin wani itace da ya fere, gama ba da'ira sosai su ke ba, sun ɗan miƙe kamar ƙwai. Dogayen sandunan nan biyu masu ƙafa uku uku, inda a ke ɗaura tuta da wayoyi, da wayar ƙafar keke ya yi su. Farfela huɗu da ke ƙarƙashi ya yanko su daga kwanson harsashi na tagulla, ya murɗa kowane kunne da awartaki. Tsani ya gagare shi kwana da kwanaki, har ran da ya ga tsohon matajin uwargida ya karye, ya ga haƙoransa a jere daidai wa daida, ya ce abin nema ya samu.

Sarƙar anga, watau ƙugiyar nan ta ƙarfe da a ke jefawa a ruwa don jirgi ya tsaya, ita ta kai shi ga ƙasƙantar da kai. Ya gwada ya kāsa. Sai ya tafi wurin wani maƙerin fari, wanda a haife ya haife shi, ya zauna a gabansa kamar almajiri. Maƙerin ya nuna masa yadda a ke naɗa siririyar waya a jikin allura, a zare allurar, a yanke naɗin a sami zobba, sa'an nan a sarƙa su ɗaya cikin ɗaya da matsefata. Shingen da ya kewaye jirgi kuwa, don kada mutane su faɗa ruwa, tsayinsa a wannan ma'auni bai kai rabin inci ba. Fil fiye da 200 ya datse wa kai ya kafa a jere, ya ja musu wayar jan ƙarfe da ya warware daga wani mataccen injin mota, siririya kamar gashin doki. In ya yi goma a yini sai idonsa ya fara ruwa, ya ajiye.

Manyan igwa ya bar su sai da hannunsa ya faɗa. Bakin kowace inci shida ne a babban jirgi, watau kashi ɗaya cikin 16 na inci a ƙarami. Ƙusa mai inci uku ya samu, ya datse kanta, yana juya ta yana gogawa da magagari har gindi ya fi baki kauri. A zanen da ke littafin ya lura igwar tsakiya a kowane ɗaki ba ta kai 'yan'uwanta tsawo ba. Ya ce mai zane ne hannunsa ya goce, ya daidaita nasa duka. Ya gama ɗaki uku ke nan sai malamin ya kawo wani hoto da aka ɗauka daga kusa, ga ta tsakiya a baya, a ɗakin fari da na biyu duka. Shaida biyu sun haɗu. Dalilin kuwa shi ne, da gangan maƙeran suka ja ta baya da inci 30, domin in an harba ukun tare kada iskar harsashi ɗaya ta ture ɗan'uwansa su kauce hanya. A ƙaramin jirgi wannan bai wuce kashi biyar cikin 16 na inci ba. Yaron ya ce, "Baffa, wa zai lura da wannan a garin nan?" Kofur ya ce, "Ni na lura." Ya narke dalma ya ciro uku, ya mai da su inda ya kamata.

Ba a jima ba wata rigima ta taso. Malamin ya zo da wata jarida mai hoton jirgin, amma ɗakin igwa uku ne a jikinsa, ba huɗu ba. Ashe Ingila ta sayar wa Indiya da shi a 1954, aka gyara shi aka cire ɗaki ɗaya na baya, ya shiga rundunar ruwa ta Indiya a watan Agusta na 1957 da sabon suna, Mysore. Yaron ya yi tsalle ya ce hoton nan ya hutar da su, tun da uku sun riga sun gama. Kofur ya daɗe yana duban hotunan nan biyu. Nan ya gane wani abu da kowane mai wannan aiki ya kan gane, watau jirgi kamar mutum ya ke, kamanninsa na sākewa da shekaru. Mai ƙira tilas ya zaɓi shekara ɗaya ya tsaya a kanta, kada ya haɗa gemun tsufa da fuskar ƙuruciya. Ya ce, "Abin da na gani a 1944 shi zan ba da shaida a kai. Ran nan huɗu ne." Suka ƙera na huɗu.

Kada mai karatu ya zaci duk wannan a banza ya ke tafiya. Sa'ar da Kofur ya ba manuwa, daga rumfa ya ɗebe ta. Ciniki ya ja baya, masu gyaran buta suka fara kai wa wani. Ɗakin uwargida yana yoyo tun daminar bara. Ran nan ta same shi a zaure ta ce, "Malam, ban hana ka aikinka ba. Amma jirgin nan naka yana da rufi hawa uku, ni kuwa da tasa na ke kwana a kan gado." Bai sami amsa ba, don gaskiya ta faɗa.

Ana cikin haka, a bazarar 1959, wani attajiri mai motocin haya ya ji labari ya zo kallo. Abin ya burge shi, ya ce zai biya fam 15. Amma yana da sharaɗi. A shafa masa kore da ruwan ɗorawa irin na motocinsa, a ƙara igwa ko'ina don ya yi kwarjini, a rubuta sunansa a gefe. Fam 15 a lokacin ta isa rufin ɗaki har da saura. Kofur ya ce, "Alhaji, a ba ni kwana biyu." Kwana biyun nan bai taɓa jirgin ba. Ran na uku ya tafi da kansa ya ce, "Alhaji, na gode, Allah ya ƙara arziki. In kana so in ƙera maka wani mai igwa arba'in, zan ƙera, mu kira shi naka. Amma wannan mai suna ne. Da baki na ƙara masa abin da ba shi da shi shekara goma, ba na ƙara masa da hannu." Attajirin ya ce shi wannan ya gani, shi ya ke so. Ciniki ya watse. Mako na kewayowa Kofur ya sayar da kekensa ya rufe ɗakin uwargida, ya koma zuwa kasuwannin ƙauye a ƙasa, da fitilu a kai.

Saura fenti. Ya haɗa fari da baƙi kaɗan kaɗan yana gwadawa a gwangwani, har ya sami launin tokar da idonsa ya riƙe. Ƙasan jirgi, wanda ke cikin ruwa, ya shafa ja mai duhu, ya raba su da siririn baƙin layi. Fenti mai kauri ya kan cike ƙananan abubuwa ya binne wahalar da aka sha, saboda haka ya tsinka shi, ya shafa sau huɗu, yana barin kowane ya bushe. Don ƙura, da asuba ya ke yi, bayan ya yayyafa ruwa a zaure, sa'an nan ya sauke gidan sauro a kan jirgin.

Da kaka ta yi, ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, aka ɗauko jirgi a kan ƙyaure aka kai filin makaranta. Gari ya taru, har Hakimi ya aiko wakili. Tun da safe Kofur da yaron sun kafa turaku a filin, sun ja igiya yadi 185 a tsaye, ƙafa 62 a kwance. Kafin a yaye zanen da aka rufe jirgin da shi, Kofur ya miƙe ya ce, "Jama'a, salamu alaikum. Na gaya muku manuwa ta kama daga ƙofar gabas zuwa ta yamma. Ba haka ba ne. Ga iyakarta nan, daga turken can zuwa wannan. Na ce igwa arba'in, manyan goma sha biyu ne. Abin da na ƙara, ni na ƙara, ku gafarce ni." Sa'an nan ya yaye zane.

Mutane suka yi tsit. Malamin ya bayyana musu cewa in an aza ƙaramin nan baki da baki sau 96, zai cika igiyar. Yara suka ruga daga turke zuwa turke suka komo suna haki. Dattawa suka taka a hankali, suna tsayawa suna waiwaye. Abin mamaki, jirgin da ya kai rabin mil a baki bai taɓa ba su tsoro ba, amma yadi 185 da suka taka da ƙafarsu ya sa su salati. Wani tsoho ya sunkuya ya dubi shingen fil, aka gaya masa mutum a nan bai fi gaɓar yatsa ba. Ya ɗaga kai ya dubi bututun hayaƙi, ya dubi rimin da ke bakin fili, ya kama baki.

Wanzami ya kewaya jirgin sau biyu, hannu a baya. Ya ce, "Taubashi, na ga aiki. Amma naka na katako ne. Har yanzu ban ga yadda ƙarfe tan dubu takwas zai zauna a kan ruwa ba." Kafin Kofur ya buɗe baki, sai aka ji muryar uwargida daga cikin mata tana cewa, "Wanzam, tasar da ka ke jiƙa askarka a ciki, ɗora ta a kan randa ka gani. Ni na san tasa, damina guda na kwana da ita." Fili ya ɗauki dariya. Wanzami ya ce, "An kashe bakina." Ya matso kusa, ya nuna ɗakin igwa na gaba, ya ce, "Amma ga kuskure na kama, ta tsakiyar nan ta gaza." Yaron ya yi farat ya ce, "Haka ta ke, Baba, inci talatin aka ja ta baya." Ya kwashe dalili ya faɗa a gaban mutane, Kofur na tsaye yana duban ƙasa.

Aka ajiye jirgin a makarantar, cikin akwati mai gilashi wanda malamai suka yi karo-karo suka saya. Maganar nan ta yara ba ta mutu nan da nan ba, gama abin da ya shiga bakin yara ya kan daɗe. Amma da aka zo rabon gādon wani gida a unguwar a 1960, Kofur na cikin waɗanda aka kira su zauna. Babbar manuwa kuwa ta yi wa Indiya aiki har 1985, sa'an nan aka sallame ta.

Mai son ya gwada irin wannan aiki, ga abin da zai ɗauka daga wurin Kofur. Ya nemi awo na gaskiya kafin ya taɓa itace. Ya tsai da ma'auni ɗaya da shekara ɗaya. Ya nemi busasshen katako, ya tsinka fenti, kada ya raina tarkace, kada kuma ya ji kunyar zama gaban wanda ya fi shi sani ko da yaro ne. Ya tuna da haƙƙin mutanen gida, don su ma suna biyan kuɗin aikin ko ba su riƙe zarto ba. In kuwa awo ya saɓa wa abin da ya daɗe yana faɗa, to, ya gyara bakinsa, ya bar awo inda ya ke. Allah ya sa mu dace, amin.